Maigidana zai kashe kansa da gudu, ya zan yi in hana shi?

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a nan Bauchi, yaranmu huɗu. Maigidana shekararsa 43, aikin ofis yake. Bara likita ya ce yana da hawan jini, ya ɗora shi a kan magani ya ce ya dinga motsa jiki. Toh tun daga nan abu ya zama kamar shafar aljanu, kullum ana idar da asuba sai gudu, ba ranar hutu, yanzu ma wai gudun yada ƙanin wani na Legas zai je, kilomita 42. Ya rame kayansa duk sun masa yawa, Hajiyarsa ta kira ni ta ce bana ba shi abinci, 'yan unguwa kuma na ta tsegumi wai ciwo yake ɓoyewa. Wata Asabar cikin watan Afrilu ya fita bai dawo ba sai wajen sha ɗaya na rana yana tangaɗi, cinyoyinsa ko taɓawa baya so a yi, fitsarinsa kamar Coke har kwana biyu, ya aika kyamis aka siyo masa diclofenac ya sha, ya ƙi zuwa asibiti. Kuma ya ajiye maganin hawan jinin wai gudu ya warkar da shi. Dan Allah ya zan yi in raba shi da gudun nan kafin ya bar ni da marayu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da wanda ba zai miki daɗi ba, ni kam ba zan taya ki raba shi da gudu ba. Magidanci ɗan 43 mai hawan jini mai wuni a kujera, ya samu abin da ke fitar da shi da asuba ya je ya yi gumi, ai wannan ba abin kashewa bane, mafi yawan matan da ke turo min saƙo kukansu akasin naki ne, oga daga ofis sai majalisa sai tuwo sai minshari, tumbi kullum gaba yake. Amma tsoronki ba na banza bane. Abu biyu a saƙonki sun sa na ajiye wayar na yi shiru, fitsarin nan da kuma ajiye magani, su ɗin basa jira.

Kinga idan mutum ya azabtar da tsoka fiye da ƙarfinta, musamman cikin zafi ga jiki ba ruwa, tsokar farfashewa take daga ciki, wani sinadari mai duhun ja da ke cikinta ya kwararo cikin jini, ƙoda kuma ita ce mai tacewa, shi ne yake rina fitsari ya koma kamar Coke ko baƙin shayi. Kuma abin toshe ƙananan hanyoyin ƙoda yake, akwai waɗanda daga nan sai injin wankin ƙoda. Rashin ruwa kaɗai ma yana sa fitsari ya yi duhu, amma shi wannan da an sha ruwa yake washewa cikin 'yan awanni, baya kwana biyu, balle ga cinya da ba a taɓawa. Sai kuma ya ɗora diclofenac a kai, wlh nan ne na ce innalillahi. Diclofenac da ibuprofen da danginsu rage jinin da ke zuwa ƙoda suke, kuma suna iya ɗaga hawan jini, wato an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Allah Ya rufa asiri ya wuce, amma wucewar launi ba shaidar lafiyar ƙoda bane, sai an ɗibi jini da fitsari an auna. Gwajin ba wani mai tsada can bane, ana yi a asibitin koyarwa na ATBU da na ƙwararru da ma ɗakunan gwaji masu zaman kansu. In abin ya sake faruwa kuwa, ranar ranar za a tafi, ba kyamis ba.

A haɗa da gwajin sikila in bai san matsayinsa ba, don lokacin da wasunmu suka yi aure ba a cika damuwa da shi ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. AS ba ciwo bane, akwai manyan 'yan wasa masu shi, amma wani bincike da aka fitar a 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu AS basu fi sauran mutuwa ba, sai dai sun fi su fuskantar irin wannan farfashewar tsokar da kusan rabi. Mai AS yana gudu, amma shi da zafi da gajiya ta fitar hankali sai a hankali.

Maganin hawan jini kuma. Gaskiya ne gudu na sauke jini, a matsakaici yana rage maki 5 zuwa 8 a lambar sama ta awon jini ga mai hawan jini, toh ki lissafa, wanda yake kan 165 in an cire 8 ina ya sauka? Har yanzu yana sama. Wasu in sun rage ƙiba likita kan rage musu magani ko ma ya tsayar, amma likita ne zai yi bayan ya auna sau da yawa, ba mutum ya ji jikinsa ya yi sakayau ya yanke wa kansa hukunci ba, shi hawan jini ai baya sallama, ana cikin jin daɗi yake kayar da mutum. Ya koma ya faɗa wa likita gaskiya, na daina sha tun wata kaza kuma ina gudu kilomita kaza a sati, don wasu magungunan masu sa yawan fitsari ne wasu kuma masu rage bugun zuciya, likita zai so ya san mutum na gudu cikin zafi kafin ya zaɓa masa. A yi masa gwajin zuciya na ECG. Kuma ki tambaye shi cikin hira, ya taɓa jin ƙirji ya ɗaure yana gudu? Ya taɓa suma ko ganin duhu? Zuciya ta taɓa yi masa fat-fat ba tsari? A danginsu akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi yana da ƙuruciyarsa? In amsar ɗaya eh ce, a jingine gudu sai likitan zuciya ya gan shi, don ga namijin da ya haura 35 abin da ya fi kayar da shi a fili toshewar jijiyoyin zuciya ne da bai san da ita ba.

Toh yanzu in kwantar miki da hankali. Tambayar nan taki an daɗe ana bincike a kanta. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba direbobin bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu, mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya, amma direba na zaune kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya san tasha ya san wannan ko ba turanci, ki dubi direban da ya shekara 20 a kan sitiyari ki dubi yaron motarsa. A 2014 kuma aka fitar da wani da aka bi mutum sama da 55,000 a Amurka na kusan shekara 15, masu gudu haɗarin mutuwarsu ya gaza na marasa gudu da kashi 30 cikin 100, ta ɓangaren zuciya kuma da kashi 45, kuma abin da ya fi burge ni ko masu minti 5 zuwa 10 a rana a hankali sun samu wannan ribar. Ki riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Faɗuwa matacce a wajen tsere da ake gani a bidiyo yana faruwa, ba ƙarya bane, amma an ƙirga, daga 2000 zuwa 2010 a Amurka mutum kusan miliyan 11 suka shiga tseren kilomita 42 da na 21, waɗanda zuciyarsu ta tsaya 59 ne, 42 suka rasu. Hanyar Bauchi zuwa Jos a mota ta fi wannan ban tsoro kuma kullum muna binta. Gwiwa ma da ake cewa gudu na cinyewa, da aka tattara bincike da yawa a 2017 an ga masu gudun nishaɗi kashi 3.5 ne ke da ciwon zaizayewar gwiwa ko ƙugu, masu zaman dirshan kashi 10, amma ƙwararrun da suka shekara suna dakan jikinsu kashi 13. Kinga tsakiya ce ta ci. Haka a Siwidin akwai tseren zamiya a kan ƙanƙara na kilomita 90, Vasaloppet, an bi mahalarta sama da 52,000 aka ga waɗanda suka yi ta maimaita shi sun fi samun rikicewar bugun zuciya. Wato abin yana da iyaka, ba kullum ƙari ke zama riba ba.

Ni a ganina matsalar maigidanki ba gudu bane, yadda yake gudun ne, kuma na san irinsu sosai don duk Asabar ina ganinsu a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Mutum ya shigo da sabon kambas da agogo mai ƙirga taku, daga bakin get ya zabura kamar kare ya biyo shi, zagaye uku fuska ta yamutse baki a buɗe, shi a ransa in bai ji kamar zai mutu ba toh ranar bai yi komai ba. Gobe haka jibi haka. Alhali waɗanda suke cin abinci da gudu ba haka suke ba. Wani masani da ke Nowe, Stephen Seiler, ya shafe shekaru yana duba littafin atisayen manyan 'yan tsere da 'yan keke da masu tuƙa kwale-kwale, abin da ya yi ta gani shi ne kusan kashi 80 na atisayensu a hankali suke yi, kashi 20 ne kawai ake matsawa. Eliud Kipchoge ɗin Kenya da ya gama kilomita 42 a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, shi ma akasarin kwanakinsa gudun sauƙi ne a kan jar ƙasa shi da abokansa. In wannan yana sassarfa, waye ma'aikacin ofis ɗan 43 da zai ce shi kullum sai ya ƙure maleji?

Ma'aunin ba ya buƙatar na'ura. In yana gudu zai iya ba na gefensa labarin yadda wasan Wikki Tourists ya kaya jiya, jimla cikakkiya ba numfashi na yankewa ba, toh yana daidai. In kalma ɗaiɗai take fita ya yi yawa, ya sassauta ko ma ya koma tafiya, ba abin kunya bane. Kwana uku ko huɗu a sati sun ishe shi, ɗaya kawai a ciki ya ɗan matsa, ɗaya ya zama mai tsawo amma a hankali, kuma tsawon ana ƙara shi ne kaɗan kaɗan ba yau 12 sati mai zuwa 25 ba, ina kyautata zaton irin wannan tsallen ya yi a Asabar ɗin can. Shi jiki ba lokacin gudu yake ginuwa ba, lokacin barci da hutu ne yake ɗinke abin da aka yaga, wanda baya hutawa yagawa kawai yake. Ga wani aiki da ke za ki iya, da safe yana farkawa kafin ya sauko daga gado ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ki ƙirga bugun minti ɗaya, ki rubuta a bayan kalanda. Bayan sati biyu za ki san lambarsa. Duk ranar da kika ga ta haura sosai kwana biyu a jere, ga barci baya daɗi ga saurin fushi da yara, jiki ne ke cewa a bar ni, ko kuma zazzaɓi ke tafe. Mai zazzaɓi ko maleriya baya gudu sam, ko da kuwa ya ji dama dama.

Sai zafi. Wai mutum yana kan titi har sha ɗaya na rana a Afrilun Bauchi, lokacin da zafi ke taɓa 40, haba. A gasar duniya ta Doha a 2019 da tsakar dare aka saki mata 'yan gudun yada ƙanin wani don gudun zafi, duk da haka cikin 68 da suka tashi 28 basu ƙarasa ba, kuma waɗannan zaratan duniya ne. Dalilin kenan aka ɗauke tseren Olamfik na Tokyo aka kai shi Sapporo can arewa mai sanyi. A bazara ya kamata ƙarfe takwas ta same shi a gida ya yi wanka. Kuma ga abin da 'yan nan basa lissafawa game da Legas, a Fabrairu ake tseren, kenan duk atisayensa mai nauyi cikin hunturu zai yi shi, iska a bushe gumi na fita yana bushewa jiki na sanyi, ya ga yana tashi kamar tsuntsu. Ya sauka Legas iska jiƙe sharkaf, gumi zuba kawai yake baya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba baya sanyaya jiki. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da sabon zafi, shi kuma daren Alhamis zai hau mota.

Ruwa ma akwai labari. Ni da kaina ina saurayi wani mai horar da mu ya ce ruwa nauyi yake sawa, namiji baya sha sai ya gama, na bi, a wata gasa ban san lokacin da na kai ƙasa ba, na dai farka a gindin dalbejiya ana kwara min ruwa a ka harshena kamar soso, kwana uku kaina na sarawa. Amma kuma kar ki je ki cika masa jarka ki ce sai ya shanye, a tseren Boston na 2002 an auna jinin mutum 488 da suka gama aka samu kashi 13 gishirin jininsu ya faɗi saboda ɗirkar ruwa fiye da kima, kuma wannan yana kumbura ƙwaƙwalwa har ya yi kisa. Ya sha in ya ji ƙishi. In yana son ya san nasa, ya hau sikeli kafin ya fita da bayan ya dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, fiya wata biyu kenan, sai ya mayar a hankali cikin wuni. In azumi ya zo kuma a manta da dogon gudu da rana, ɗan sassarfa bayan tarawihi ya isa.

Batun rama da Hajiya. Mai gudu haka dole ya zube, kuma a nan garin in namiji ya sauke tumbi sai a fara ƙus-ƙus, mun saba ganin ƙiba a matsayin shaidar hutu. In dai yana cin abinci da marmari, ba ƙishirwa da fitsari barkatai, ba tari mai daɗewa, ba gumin dare, toh ramar gudu ce, amma tunda za a ɗibi jini a duba suga gaba ɗaya a huta. Abinci kuwa kar ya biye wa masu cewa a daina tuwo da shinkafa, su ne man da tsoka ke ajiyewa, kuma ajiyar bata da yawa, shi yasa 'yan tsere da yawa ke kakarewa wajen kilomita 30 ƙafa ta ƙi ɗaguwa. In zai wuce awa ɗaya da rabi ya sa dabino a aljihu yana ci a hanya, ya dawo ya tarar da kunun gyaɗa da masa ko ƙosai, ga ƙwai ga wake ga kindirmo. Kar ki ƙara gishiri ko magi a miya wai don yana gumi, mai hawan jini ne. Ita kuma Hajiya ba ke za ki kare kanki a gabanta ba, in kika yi sai ya zama gardama da suruka, shi zai je ya zauna gabanta da takardar asibiti ya ce Hajiya ga abin da likita ya ce, ni na sa kaina, kuma ya ci tuwonta ya suɗe kwano ta gani da idonta.

Legas ɗin fa? Ra'ayina kenan, bana ya haƙura da 42. Kilomita 42 da mita 195 zagaye 105 da rabi ne na filin wasa, ya je ya tsaya ya kalli filin ya lissafa. A tseren Legas ɗin akwai na kilomita 10, ya je ya yi wannan ya ɗanɗana iskar can ya karɓo lambarsa ya ɗau hoto, daga baya ya gwada 21, in likita ya yarda kuma jiki ya amsa sai a yi shirin wata huɗu zuwa biyar na babban, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tuna masa da binciken can, lafiyar da ya fito nema tun a 'yan mintunan farko ya same ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a sati take nema, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Abin da ya haura wannan sha'awa ce, kuma sha'awa ba laifi bace, amma ba a ajiye mata magani.

Yadda za ki faɗa masa shi ne rabin aikin. In kika ce ka daina, kin gama, zai ce ba kya son ci gabansa, mu maza mun san halinmu. Ki bari ya ci ya ƙoshi ki ce masa kin yi tambaya an ce manyan 'yan tsere a hankali suke atisaye kuma duk mai shirin babban tsere sai an auna shi, ke kuma so kike ya je Legas ya dawo da ƙafarsa. Ki siya masa riga mai haske don bayan asuba da sauran duhu, ga 'yan Keke Napep ga manyan motoci a hanyar Jos da ta Dass, ya dinga bin gefen da yake fuskantar mota. Ranar hutunsa ku fita tare ku taka minti 30 a unguwa da hijabinki, masu tsegumi su samu sabon labari.

Amma asibitin kam cikin satin nan. Ki nemo kwalin maganin hawan jinin da ya ajiye da ragowar diclofenac ɗin ki sa a leda ɗaya, ki rubuta ranar da fitsarin ya yi baƙi da kwana nawa ya ɗauka a 'yar takarda ki jefa ciki, don in ya shiga gaban likita shi kaɗai cewa zai yi lafiya lau.